BAƘO A ƘASAR RIMA: WA ZAI TAMBAYE SHI TAKARDA, JIHA KO TARAYYA?

Duk malamin da ya taɓa koyar da labarin ƙasa ya san halin Gulbin Maraɗi. Daga ƙasar Katsina ya ke tasowa, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya wuce Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya karkato ya komo Nijeriya ta wajen Sabon Birni, ya haɗu da Rima. Ruwansa yana cikin abin da ke taruwa a madatsar Goronyo da damina, wanda a ke sako wa masu albasa da tafarnuwa da shinkafa da rani. Sau biyu gulbin nan ya ke ƙetare iyaka cikin tafiyarsa, ba kuwa wanda ya taɓa tsai da shi. Mutanen da ke zaune a bakinsa su ma haka suka saba tun kaka da kakanni: a kai amarya Tsibiri, a zo ta'aziyya Goronyo, a koro shanu daga Adar zuwa kasuwar Achida ta ƙasar Wurno.

A da wannan bai dami kowa ba. Yanzu kuwa ya zama abin magana a kowace majalisa, domin hanyar da amarya ke bi ita ce bindiga ke bi. Cikin watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka auka wa Tabanni da ƙauyukan kewaye a gundumar Gandi ta ƙasar Rabah, suka kashe mutum fiye da 30, waɗanda suka tsira suka tattaru a Gandi. Ran 17 ga Oktoba, 2021, aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo ana tsakiyar ciniki, mutum fiye da 40 suka rasu. Wurno da Rabah da Goronyo ba a bakin iyaka su ke ba, Gada da Sabon Birni ke tsakaninsu da Nijar, amma tafiyar ba ta taka kara ta karya ba ga mai babur.

Daga nan ne tambaya ta taso. Idan baƙo ya shigo ƙasar nan ba bisa ƙa'ida ba, wa ya kamata ya tare shi, ya bincike shi, in ta kama ya mai da shi inda ya fito? Gwamnatin Jiha da ke Sakkwato, ko kuwa Gwamnatin Tarayya da ke Abuja? Mun ga ya kamata mu baje maganar a faifai, musamman saboda malaman ofis na ƙananan hukumomi, magadan ma'aikatan En'e, da malaman makaranta. Za mu nuna nan gaba cewa rabin maganar a kan teburinsu ta ke.

ABIN DA DOKA TA CE

Tsarin Mulki na 1999 bai bar ƙofar gardama ba. A Jadawali na Biyu, Kashi na Ɗaya, an jera al'amuran da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka. Lamba ta 9 ta ɗauki zama ɗan ƙasa da sha'anin baƙi. Lamba ta 18 ta ɗauki korar wanda ba ɗan Nijeriya ba. Lamba ta 30 ita ce shiga Nijeriya da fita daga cikinta, ta 42 kuwa fasfo da biza. Watau Gwamnan Sakkwato, ko da ya ke a kan kira shi babban jami'in tsaron jiharsa, ba shi da ikon fitar da ko da mutum ɗaya daga Nijeriya, ba shi kuma da ikon buɗe ƙofar Illela ko rufe ta.

Mai wannan aiki ita ce Hukumar Shige da Fice. Asalinta wani sashe ne na 'yan sandan Nijeriya. Cikin 1958 aka ware ta, ran 1 ga Agusta, 1963, kuma ta tsaya da ƙafarta bisa dokar Majalisa, a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Ministan ma'aikatar a lokacin kuwa ɗan Lardin Sakkwato ne, Alhaji Shehu Shagari. Dokar 1963 ta yi aiki har 2015, sa'ad da aka sake ta da sabuwa. Kwalejin da a ke horad da manyan hafsoshin hukumar ma a Sakkwato ta ke.

Kada wani ya ce Turawa ko mutanen Kudu ne suka ɗora mana wannan tsari. Cikin 1953, sa'ad da zukata suka ɓaci a kan maganar mulkin kai, Majalisun Arewa suka fito da ƙudurori takwas waɗanda suka nemi kusan kome ya koma hannun jihohi. Amma ko a cikin wannan fushi an bar wa hukumar tsakiya tsaron ƙasa da harkokin waje da kwastan. Jagoran Arewa a wannan gwagwarmaya, Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah ne, ya kuma riƙe hakimcinta daga 1934 zuwa 1938. Mutumin da ya zaga ƙauyukan Rabah a kan doki yana ƙirga masu haraji ya san ƙarfin Hakimi sarai, ya kuma san inda ƙarfin nan ya ƙare.

YADDA MAGABATA SUKA RABA AIKIN

In muka koma baya kafin Turawa, za mu tarad da baƙo iri biyu ne. Akwai wanda ya zo da wasiƙar wata daula. Maganar irin wannan ta Sarkin Musulmi ce da Wazirinsa. Cikin 1826 Baturen nan Kilafatan ya komo Sakkwato karo na biyu yana nufin wucewa Barno, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya hana shi, domin ana yaƙi tsakanin daulolin biyu, har ajali ya riske shi a nan cikin 1827. Cikin 1853 Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya sauka Wurno, ribaɗin da Bello ya kafa, inda kuma kabarinsa ya ke. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ne ya ba shi takardar amana ya wuce yamma.

Akwai kuma baƙon yau da kullum: falke, da almajiri, da makiyayi, da mai neman gona. Shi wannan mai masaukinsa ke kai shi gaban mai'unguwa, mai'unguwa ya sanad da sarkin gari. In ya yi ɓarna, mai masauki a ke fara nema. Da En'e ta kahu sai al'adar ta shiga littafi. Kowace shekara malamin haraji ya bi gida gida ya rubuta magidanta, a kuma ƙirga shanu saboda jangali. Manufar dai kuɗi ce, amma ta wannan hanya Dagaci ya kan san wanda ya ƙaru a ƙasarsa da wanda ya ragu, da inda sabon ya fito.

Ba mu ce zamanin nan aljanna ba ne. Talakawa sun sha wuya a hannun masu karɓar haraji, shi ya sa aka yi murna sa'ad da gwamnatocin Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali cikin 1979. 'Yan doka da dogarai kuma an yi ta kawo ƙarar ana amfani da su a kan 'yan hamayya, har Gwamnatin Soja ta haɗe su cikin 'yan sandan Nijeriya bayan 1966. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe littafin En'e gaba ɗaya. Sai dai da aka zubar da ruwan, an haɗa da tulun. Littafin da ke nuna ko wane ne ke kwana a gari ya tafi, ba a kuwa kawo wani a madadinsa ba. Tsarin Mulki na 1999 bai ba Hakimi ko Dagaci ko mai'unguwa wani aiki ba ko da na layi ɗaya.

Ita kanta iyakar ba ta daɗe ba. Cikin 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Sayi zuwa Baruwa a bakin Tabkin Cadi. Cikin 1898 suka zana da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, aka sake gyarawa cikin 1904 da 1906 don Faransawa su sami hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Tsakanin 1906 da 1908 aka bi ƙasa aka kafa alamomi 148, a kan iyakar da tsawonta ya kai wajen kilomita 1,500. Layin nan ya ratsa Gobir ta tsakiya, ya bar Tsibiri a hannun Faransa, Sabon Birni da kufan Alƙalawa a hannun Ingila. Bayan haka mutane da yawa suka gudo daga ƙasar Faransa saboda aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946. Jikokinsu suna nan cikinmu.

HUJJAR MASU CEWA A BA JIHA

Masu wannan ra'ayi ba mutanen banza ba ne, kuma hujjarsu tana da nauyi. Na farko sun ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Jami'in da aka turo daga nesa, wanda bai san Bagobiri da Ba'adare ba, bai san hanyar shanu ba, kuma bayan 'yan shekaru za a ɗauke shi, yaya za a yi ya gane baƙo a kasuwar Goronyo? Ƙofar Illela da ke fuskantar Birnin Ƙonni tana da ofis da sanda da tuta. Amma daga Gudu zuwa Tangaza, daga Gada zuwa Sabon Birni, hanyoyin ƙafa da na babur sun fi a ƙirga.

Na biyu sun ce hukunci daga Abuja ya ke fitowa, wahalarsa kuwa a nan ta ke sauka. Cikin Afrilu na 1984 aka rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai Maris na 1986, daidai lokacin da fari ya cinye amfanin gona, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan shugaban Nijeriya na lokacin. Cikin Agusta na 2019 aka sake rufewa don hana shigo da shinkafa, har zuwa Disamba na 2020, a tsakani kuma aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, aka rufe kuma, motocin kaya suka yi layi a Illela, sai Maris na 2024 aka buɗe. A duk waɗannan lokuta ɗan kasuwa mai bin ƙofa shi ya tsaya. Harin kasuwar Goronyo kuwa da irinsa sun nuna mai bindiga ba ta ƙofa ya ke bi ba, balle rufe ta ya dame shi.

Na uku su kan kawo labarin Muhammadu Marwa, watau Maitatsine, mutumin Kamaru, wanda aka kora daga Kano cikin 1962 zamanin Sarki Muhammadu Sanusi. Ya komo daga baya, ya yi ta tara jama'a, har tarzomar Disamba ta 1980 ta ci mutum fiye da 4,000. Suka ce da ikon korar yana hannun masu garin da abin bai kai haka ba. Su kan ƙara da cewa ai jihohi sun riga sun shiga aikin tsaro ko an so ko ba a so ba. Cikin 2019 gwamnonin Sakkwato da Katsina da Zamfara suka tafi Maraɗi suka sa hannu a takardar haɗa kai da Gwamnan Maraɗi. Cikin Satumba na 2021 aka katse layukan wayar hannu a ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato, har da Rabah da Goronyo, bisa roƙon jiha. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma cikin 2023, Zamfara da Sakkwato suka ƙaddamar da nasu cikin 2024. To, in an yarda su yi wannan, me zai hana su tambayi baƙo takarda?

INDA MUKA RABU DA SU

Akwai wani labari da ɓangarorin biyu ke ja, kowa yana cewa nasa ne, shi ne na Lakurawa. Mutane ne masu makamai da suka shigo ƙasar Tangaza da Gudu ta Nijar. Cikin 2018 jama'a suka yi kuka, 'yan sanda suka ce makiyaya ne masu zuwa kiwo. Sai cikin Nuwamba na 2024 Hedkwatar Tsaro ta bayyana su a matsayin 'yan ta'adda, Babbar Kotun Tarayya kuma ta haramta ƙungiyar cikin Janairu na 2025. Masu cewa a ba jiha sun ce ga shi nan, shekara shida Tarayya tana barci. Gaskiya ne. Amma masu binciken da suka bi sawun al'amarin sun nuna cewa tun farko waɗansu shugabannin garuruwan ne suka gayyato su don su kore musu ɓarayin shanu. Ba mu zarge su ba, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Abin da mu ke nufi shi ne, wanda ke kusa da wuta ya fi kowa ganinta, ya kuma fi kowa saurin yanke shawarar da za a yi da-na-sani.

Sa'an nan a faɗi gaskiya ko da ɗaci. Yawancin masu kashe mutane a gabashin Sakkwato ba baƙi ba ne. Bello Turji, wanda sunansa ya cika Sabon Birni da Isa, mutumin ƙasar Shinkafi ne ta Jihar Zamfara. Ko da an ba Gwamna dukan ikon Hukumar Shige da Fice, ba inda zai kora shi. Makamai suna ƙetarowa, shanun sata suna ƙetarawa, wannan ba shakka. Amma ɗora kome a kan baƙi hanya ce mai sauƙi ta guje wa binciken gida.

Babban tsoronmu shi ne wanda za a kira baƙo. Mutumin Tsibiri da na Sabon Birni harshensu ɗaya, tsagarsu ɗaya, sau da yawa kakansu ɗaya. In aka ba ɗan rundunar jiha ikon kama baƙo, da me zai gane shi? Da rawani, da sandar kiwo, da hasken fata. Watau Bafillace da Buzu za su fara shiga hannu, ko da kakanninsu sun riga kakannin mai kamun zama a wurin. Ba zato mu ke yi ba. Kwanaki kaɗan kafin harin Goronyo 'yan sa kai sun kashe Fulani a kasuwar Mamande ta ƙasar Gwadabawa, mutane da yawa kuma sun ɗauki abin da ya biyo baya ramuwar gayya ce.

Jihohi ma sun nuna halinsu a kan 'yan ƙasa, balle baƙi. Cikin 2013 Gwamnatin Legas ta kwashi waɗansu marasa galihu ta sauke su a Onica, aka yi ta cece-kuce. Cikin 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka yi ta lodin almajirai a motoci kowa yana mai da su jiharsu ta asali. Alhali sashe na 41 na Tsarin Mulki ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama inda ya so. Mutanen Rabah da Wurno da Goronyo sun fi kowa sanin cin rani. In Sakkwato ta sami ikon tare baƙo, jihohi 35 ma sun samu. Ɗanmu mai sai da albasa a Fatakwal ko mai tura kura a Legas, wanda ba shi da takarda a aljihu, shi za a fara cewa ɗan Nijar ne.

Ba kuma don Tarayya ta tsarkaka mu ke faɗin haka ba. Cikin Janairu na 1980 aka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Jihar Barno, aka kai shi Cadi bisa takardar Ministan Harkokin Cikin Gida, wai shi ba ɗan Nijeriya ba ne. Babbar Kotun Maiduguri ta ce ɗan ƙasa ne, ta soke korar. Ran 17 ga Janairu, 1983, Gwamnatin Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fita, mutum wajen miliyan biyu suka tashi, Ganawa suka fi yawa, 'yan Nijar ma ba kaɗan ba. Ikon kora wuƙa ce mai kaifi, ta kuwa yanki mutane a hannun Tarayya. Amma a hannu ɗaya ta ke, ana ganinta, kotu tana iya riƙe ta. In aka raba wa mutum 36 irinta, kowa da zaɓen da ke gabansa da abokan hamayyar da ya ke so ya rage, ba mu san kotun da za ta iya bin su duka ba.

Akwai kuma alkawarin da ke tsakanin ƙasashe. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar izinin shiga wata ya zauna kwana 90 ba biza, muddin yana da takardar tafiya. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar ran 29 ga Janairu, 2025, amma a ranar ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu kafin a daidaita. Irin wannan magana da baki ɗaya a ke yin ta. Yamai ba za ta ƙulla alkawari dabam da Sakkwato, dabam da Katsina, dabam da Yobe ba.

Sauran ƙasashe masu tarayya sun sha wannan gardama. Cikin 2010 Jihar Arizona ta Amurka, wadda ke iyaka da Meziko, ta yi dokarta ta farautar baƙin haure. Cikin 2012 Kotun Ƙoli ta soke sassa uku na dokar, ta ce sha'anin baƙi na Tarayya ne, ta bar sashen da ya ce ɗan sanda ya binciki takardun wanda ya riga ya tsare bisa wani dalili. Amma tun 1996 akwai dokar Amurka da ta yarda Tarayya ta ƙulla yarjejeniya da 'yan sandan jiha ko na gunduma, ta horad da su, su yi wani yanki na aikin a ƙarƙashin kulawarta. A Jamus kuwa Tarayya ke yin doka, ofisoshin jihohi ke zartarwa.

TEBURIN MALAMI

Yanzu mun zo inda muka yi alkawari. Jami'in Shige da Fice ba ya duba tsagar fuska, takarda ya ke dubawa. Takardar da ta fi nauyi kuwa ita ce shaidar asali ta ƙaramar hukuma, wadda a ke nema wajen yin fasfo, da shiga soja, da neman aikin Gwamnati. Kafin a ba da ita mai'unguwa ya shaida, Dagaci ko Hakimi ya sa hannu, malamin ofis ya rubuta ya buga hatimi. Lambar shaidar ɗan ƙasa ba ta raba gardama, domin baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida shi ma ana ba shi. Takardar haihuwa kuwa yaran ƙauye da yawa ba su da ita, sau da yawa rajistar makarantar firamare ce takarda ta farko da sunan yaro da na ubansa da garinsu ke shiga. Ashe ke nan Abuja ke riƙe da mabuɗi, amma sunan mai shiga a sakatariyar Wurno da ta Rabah da ta Goronyo a ke rubuta shi.

Laifi biyu ke jiran malami a wannan tebur. Ɗaya shi ne ya sayar wa wanda bai sani ba takarda saboda 'yan kuɗin goro. Ɗayan, wanda ba a cika ambatarsa ba, shi ne ya hana mai haƙƙi. Sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a Nijeriya bayan samun mulkin kai, in ɗaya daga iyayensa ko ɗaya daga kakanninsa ɗan Nijeriya ne, to, shi ma ɗan Nijeriya ne. A ɗauka wani saurayi ya zo, kakansa na wajen uba daga Adar ya taso zamanin aikin tilas, uwarsa kuwa 'yar Wurno ce gaba da baya. Wannan ɗan ƙasa ne cikakke, ko da har yanzu ana kiran gidansu gidan Adarawa. Amaryar da aka kawo daga Tsibiri kuma aure kaɗai bai mai da ita 'yar Nijeriya ba, amma sashe na 26 ya buɗe mata ƙofar yin rajista, 'ya'yanta kuwa ba su da wata matsala. Muna roƙon kowane malami ya karanta sassan nan biyu da kansa, ba su kai shafi biyu ba.

Ra'ayinmu dai shi ne doka da fasfo da kora su tsaya hannun Tarayya, kuma kada a fitar da kowa sai an ba shi damar zuwa gaban alƙali. Amma sanin baƙo a mai da shi ga masu gari, da doka rubutacciya. Majalisar Tarayya tana iya gyara dokar 2015 ta ba Hukumar Shige da Fice ikon ƙulla yarjejeniya da jihohin iyaka. Kowane mai'unguwa ya sami littafin baƙi, mai masauki ya kawo baƙonsa a rubuta sunansa da garinsa da sana'arsa. Kowane wata kwafi ya bi ta hannun Hakimi zuwa ƙaramar hukuma da jami'in Shige da Fice. Abin da ya fi muhimmanci, in Dagaci ya kai rahoton ya ga baƙi da makamai, a ba shi rasit mai kwanan wata, a kuma ɗora wa hukuma wajibcin amsawa a rubuce. Da akwai irin wannan rasit a Tangaza cikin 2018, da yau an san wanda za a tambaya.

Cikin 2019 Gwamnatin Tarayya ta buɗe rajistar baƙi ta kwamfuta, har ta yi afuwar wata shida ga marasa takardu. Dabara ce mai kyau ga injiniyan da ke zaune a otal a Abuja. Mai kiwon raƙuma da ke sauka bayan garin Goronyo da rani kuwa mai'unguwa kaɗai zai iya kai wa gare shi. Sai dai sharuɗɗa uku ne. Kada a karɓi ko kwabo wajen rubutawa, domin ran da aka sa kuɗi ran nan baƙi za su fara ɓuya. A ba mai'unguwa albashin da zai hana shi miƙa hannu. A kuma ɓoye sunan mai kawo rahoto, gama a ƙauyukan da 'yan bindiga ke sa wa haraji, wanda aka sani yana kai labari ransa ya sa a faifai.

Mu tuna kuma ba mu kaɗai ke karɓar baƙi ba. Tun daga 2019 dubban mutanenmu na Sabon Birni da Isa da Zamfara da Katsina suka tsere zuwa Jihar Maraɗi. Mutanen ƙasar Gidan Rumji suka sauke su a gidajensu, daga baya aka mai da waɗansu Garin Kaka da Chadakori, nesa kaɗan da iyaka. Ba a tsaya tambayarsu fasfo ba. Da yawansu an yi musu haihuwa a can, yaran nan kuwa, bisa sashe na 25, 'yan Nijeriya ne ta wajen iyayensu, ko da ya ke ba su da takarda ko ɗaya ta wannan ƙasa. In Allah ya kawo lafiya suka komo, ba Abuja za su nufa ba. Uba zai riƙo hannun ɗansa ya kai shi gaban shugaban makaranta a Gatawa ko Goronyo ya ce a rubuta shi aji ɗaya, malami kuma zai buɗe rajista ya tambayi inda aka haife shi.